Tarihin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya bi ilimin lissafi har Paris da Mosko, ya dawo da shi gida

Duk ɗalibin da ya fito daga Magarya ko Dungas ya ci jarabawar bak, ya hau mota zuwa Yamai domin karatun jami'a, sunan farko da zai gani a ƙofar makarantar shi ne Abdou Moumouni. Sunan ya zauna a bakin mutane har wasu na ɗauka sunan wuri ne kawai. Ba kowa ne ya san cewa mai sunan ya yi wasan ƙasa a Tasawa, ya zauna a bencin firamare a Damagaram, kuma ya taso a lokacin da babu ko makaranta ɗaya a Nijar da za ta kai yaro ga jarabawar bak ba.

Rayuwarsa ta ƙunshi amsar tambayar da ke damun ɗalibai da yawa a yau, musamman masu son lissafi mai zurfi da ilimin motsi da ƙarfi, wanda 'yan makaranta a Nijar ke kira mekanik: idan babu malami, babu littafi, babu ɗakin gwaji a kusa, ina mutum zai dosa?

Haihuwa da tasowa

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yuni, 1929, a Tasawa, tsohon garin Hausawa da ke kan hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Asalin gidansu daga ƙasar Zabarmawa ne a yammacin Nijar, amma a ƙasar Hausa ya buɗe ido. Shekara uku kafin haihuwarsa, wato a 1926, Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai, abin da ya sa manyan ofisoshi da makarantar da ta fi kowace girma suka koma yamma, kusan kilomita 900 daga Damagaram.

Ya yi karatun firamare a Damagaram, sannan ya wuce Yamai. A wancan zamani makarantar boko a Nijar tsani ce mai gajeren hawa. Yaro zai fara a makarantar gari, idan ya yi fice a kai shi makarantar yanki, idan ya sake yin fice a tura shi babbar firamare ta Yamai. Daga nan karatu ya ƙare a cikin ƙasar. Wanda ke son ci gaba sai ya ci jarabawar shiga makarantar William Ponty da ke Senegal, inda ake tara zaƙaƙuran yara daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka.

Abdou Moumouni na cikin 'yan ƙalilan da suka tsallake wannan siraɗi. Makarantar, wadda aka ɗauke daga tsibirin Gore zuwa garin Sebikotane a ƙarshen shekarun 1930, ita ce ta yaye mutane irin su Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary na Nijar, da Modibo Keita na Mali. Sai dai ba a gina ta domin ta fitar da masana kimiyya ba. Aikinta shi ne horar da malaman firamare, da akawu, da waɗanda za su zama mataimakan likita. Takardar da take bayarwa ba ta buɗe ƙofar jami'o'in Faransa. Lissafin da ake koyarwa a cikinta daidai yake da bukatar ofis da aji, ba na mai son sanin yadda taurari ke tafiya ko yadda inji ke juyawa ba.

Daga Dakar zuwa Paris

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura sun ɗan sassauta, 'yan Afirka suka fara samun damar zana jarabawar bak kamar 'ya'yan Turawa. Abdou Moumouni bai tsaya ga takardar Ponty ba. Ya shiga makarantar sakandare ta Van Vollenhoven a Dakar, ya samu bak, daga nan ya nufi Faransa a ƙarshen shekarun 1940.

A Paris ya shiga azuzuwan share fage na makarantar Saint-Louis, waɗanda suka yi suna wajen tsanani. A irin waɗannan azuzuwa ɗalibi na shafe mafi yawan makonsa a kan lissafi da fizik: lissafin sauyi da tarawa, ilimin siffofi, dokokin motsi na Newton, juyawar abubuwa masu nauyi, zafi da haske. Abokan zamansa a aji yara ne da suka taso a gidajen da ke da ɗakin littattafai, suka bi manhaja guda tun suna ƙanana. Shi kuwa ya zo ne ta hanyar da ba a shirya ta domin wannan zango ba, kuma bai faɗi a hanya ba.

Ya ci gaba a Jami'ar Paris, inda ya samu digirin farko a kimiyyar fizik a 1953, da babbar difloma a 1954. A 1956 ya ci jarabawar da Faransawa ke kira agregasiyon. Wannan ba jarabawar cin maki ba ce kawai, gasa ce: gurabe ƙayyadaddu ne, ana ɗaukar na sama a bar sauran komai ƙoƙarinsu. Bayan rubutu, sai mutum ya tsaya gaban alƙalai ya gabatar da darasi, ya kuma haɗa gwaji da hannunsa. Yana da kimanin shekara 27 ya zama mutum na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya ci ta a fannin kimiyyar fizik. Leopold Sedar Senghor na Senegal ya ci irinta a fannin nahawu a 1935, Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso kuma ya ci ta tarihi a shekara ɗaya da Abdou Moumouni.

Karatu da gwagwarmaya

Zamansa a Paris bai tsaya ga littafi ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wato FEANF, a 1950, ƙungiyar da ta zama makarantar siyasa ga matasan da suka nemi 'yancin kai ba tare da kwana-kwana ba. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI mai neman 'yancin Afirka a 1957.

Da ya gama karatu ya koma Dakar yana koyarwa. Sai ga zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba, 1958, inda Janar de Gaulle ya bai wa ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: su zauna a ƙarƙashin inuwarta ko su kama gabansu. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi kiran a ƙi, amma ba su yi nasara ba. Gini ce kaɗai, a ƙarƙashin Sekou Toure, ta ƙi. Faransa ta mayar da martani ta hanyar kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta, aka bar azuzuwa babu kowa.

Abdou Moumouni na cikin 'yan bokon Afirka da suka ajiye ayyukansu suka tafi Konakiri domin cike wannan giɓi, tare da Ki-Zerbo da marubucin waƙoƙi David Diop. Ga mai takarda irin tasa, wannan mataki na nufin barin albashi mai tsoka da tabbacin aiki a ƙarƙashin gwamnatin Faransa. Bayan Gini ya koyar a Bamako ta ƙasar Mali.

Fannin da babu littafinsa

A farkon shekarun 1960 ya yi abin da ya sauya sauran rayuwarsa. Ya juya ga binciken makamashin rana, ya tafi Tarayyar Sobiyet ya yi aiki a ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta ƙasar har zuwa 1964.

A lokacin makamashin rana ba fanni ba ne da ake shiga aji a karanta daga babi na ɗaya zuwa na ƙarshe. Man fetur na da araha, manyan ƙasashe sun karkata ga nukiliya, masu binciken rana kuwa 'yan tsiraru ne a warwatse: Felix Trombe da tanderunsa na madubai a Mont-Louis da ke tsaunukan kudancin Faransa, wasu a Sobiyet, wasu a Amurka da Isra'ila da Dakar. Mai son shiga fannin dole ya harhaɗa shi da kansa, ya ɗauko wani yanki daga ilimin haske, wani daga ilimin zafi, wani daga ilimin motsi da ƙarfi, wani daga aikin ƙarfe. Wato mutumin da ya riga ya ci jarabawa mafi wuya a tsarin Faransa ya sake komawa ɗalibi yana da shekara sama da 30, wannan karon babu manhaja.

Binciken da ya kai shi ga babban digirin dakta a Paris a 1967 ya shafi madubai masu siffar farantin satalayit, da yadda hasken da suke tarawa ke rarrabuwa a inda ya haɗu. Siffar irin wannan madubi na da wata baiwa da ɗalibin sakandare kan haɗu da ita a darasin lissafi: duk hasken da ya faɗo mata a miƙe, za ta mayar da shi wuri guda. A takarda wurin ɗigo ne. A zahiri kuwa rana ba ɗigo ba ce, madubi kuma ba ya rasa 'yar karkata, don haka hasken kan bazu ya zama tabo mai zafi a tsakiya, mai sanyi-sanyi a gefe. Sanin yadda zafin ya rarrabu a tabon shi ne ke nuna girman tukunyar da za a ɗora da irin ƙarfen da zai jure.

Dalilin damuwa da madubi kuwa yana cikin wata doka da Bafaranshe Sadi Carnot ya gano a 1824: inji mai aiki da zafi ba ya iya mayar da dukkan zafin da ya sha zuwa motsi, kuma iyakar abin da zai iya ta dogara ne ga tazarar da ke tsakanin ɓangarensa mai zafi da mai sanyi. Idan faranti shimfiɗaɗɗe ya dafa ruwa zuwa digiri 80, ruwan sanyaya injin kuma yana digiri 30, ko injin ba shi da aibi ko kaɗan ba zai wuce kashi 14 cikin 100 ba. Idan madubi ya kai zafin digiri 300, iyakar za ta haura zuwa kusan kashi 47. Wannan tazara ita ce bambanci tsakanin injin da zai ja ruwan gari da wanda zai tsaya abin kallo.

Littafin da ya tayar da ƙura

A 1964 kamfanin ɗab'i na Maspero da ke Paris ya fitar da littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1968. Abin mamaki ne a ce masanin fizik ne ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan da aka fi ambato a kan tarbiyya a nahiyar, amma wanda ya bi hanyar da ya bi ya san inda takalmin ke matsawa.

A ciki ya fara da bayanin yadda al'ummomin Afirka ke tarbiyyar 'ya'yansu kafin zuwan Turawa, inda koyo ke tafiya tare da aiki, kuma dukkan gari ke da hannu a renon yaro. Sannan ya nuna cewa makarantar mulkin mallaka an tsara ta ne domin samar da 'yan ƙalilan masu taya Bature aiki, ba domin ilmantar da jama'a ba. Ya yi gargaɗin cewa sababbin ƙasashe masu 'yanci za su ci gaba da tafiya a wannan turba idan ba su sake gini daga tushe ba. Shawarwarinsa sun haɗa da koyarwa cikin harsunan gida, yaƙi da jahilci a tsakanin manya, ba kimiyya da fasaha babban matsayi, da haɗa makaranta da noma da sana'a.

Shekara tara bayan fitowar littafin, a 1973, Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci, kuma a Damagaram aka buɗe ta, garin da ya yi firamare. Har yau muhawarar ba ta mutu ba: yaron Dungas da ke jin Hausa a gida da kasuwa, ranar da ya shiga aji sai a fara yi masa bayanin lissafi da harshen da bai taɓa ji ba, ya zama yana kokawa da abu biyu a lokaci guda.

Komawa gida

Daga 1964 ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana na Mali a Bamako, yana kuma koyarwa. A 1969 ya dawo Nijar ya karɓi ragamar hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, wadda aka kafa a 1965, ya riƙe ta har tsakiyar shekarun 1980.

A ƙarƙashinsa hukumar ba ta tsaya ga rubuta rahoto ba. An ƙera na'urorin dafa ruwan wanka, da murhun girki, da na'urorin tace ruwa, da na busar da amfanin gona, duk masu aiki da rana, kuma a Yamai ake haɗa su. An kuma yi aikin injin rana tare da kamfanin Spilling na Jamus. Tsarin irin wannan inji shi ne rana ta dafa wani ruwa ya zama tururi, tururin ya tura fistan, fistan ya juya ƙafa, ƙafar ta ja famfo ko janareta.

Lokacin ya dace da bukata. Farin da ya afka wa Sahel a farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙauyuka, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, itacen girki kuma na ƙara nisa da garuruwa. Ƙasar da ba ta da teku, take sayen mai daga waje, amma rana ke dukan ta kusan kullum, tana da dalilin sauraron sa.

Duk da haka ba komai ne ya tafi yadda aka so ba. Murhun rana bai shiga gidaje sosai ba, domin yana bukatar a riƙa juya shi yana bin rana, ga shi tuwon dare ana tuƙa shi ne bayan rana ta yi sanyi. Injinan tururi na da tsada, suna kuma bukatar makaniki a kusa. Daga baya farantan sola masu ba da lantarki kai tsaye suka yi araha, suka mamaye kasuwa. Hanyar da ya fi ba ƙarfi ba ita ce ta yi rinjaye a ƙauyuka ba, amma alƙiblar da ya nuna ita duniya ta bi.

A jami'ar Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, ya koyar da fizik shekara da shekaru. A 1979 aka naɗa shi shugabanta, ya yi kimanin shekara uku a kujerar.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 61, 'yan watanni kafin buɗe babban taron ƙasa da ya mayar da Nijar kan tsarin jam'iyyu da yawa. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Bayan shekaru, Nijar ta buɗe tashar lantarki ta sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. A wannan shekara ta 2023 ne Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulki, garuruwa suka shiga duhu, maganar da ya shafe rayuwarsa yana yi a kan dogaro da kai ta fuskar makamashi ta dawo sabuwa.

Abin da ya rage wa ɗalibin Magarya da Dungas

Magarya na da tazarar kimanin kilomita 90 kudu da Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Dungas kuwa a 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta. Yanki ne mai cunkoson jama'a, mai gero da gyaɗa da wake, da rake da kayan lambu a fadamun Korama, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa sosai. A irin waɗannan fadamu famfo mai aiki da sola ya fara zama abin gani a kusa da injin mai shan fetur.

Lissafin wannan famfo shi ne ainihin darasin aiki da makamashi da ke cikin littafin ajin ƙarshe na sakandare. Lita 1,000 na ruwa nauyinsa kilo 1,000 ne. Ɗaga shi daga zurfin mita 20 na bukatar a ninka nauyin da zurfin da kuma 9.8 na jan ƙasa, abin da zai ba da jul 196,000. Idan ana so a gama cikin awa ɗaya, wato daƙiƙa 3,600, ana bukatar kimanin wat 54. Idan rabin ƙarfin na salwanta a famfo da bututu, bukatar ta kusa wat 110. Da tsakar rana kowace murabba'in mita na samun kusan wat 1,000 na haske, farantin sola na yau kuma na mayar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa lantarki. Ke nan faranti da ya ɗan wuce rabin murabba'in mita ya isa. Matashin da ya iya wannan lissafi ba za a sayar wa mahaifinsa farantin da ya gaza ko wanda ya wuce bukatar gonarsa ba.

Kayan koyo kuwa sun fi na zamanin Abdou Moumouni yawa nesa ba kusa ba. A Nijar ana karanta mekanik ne a darasin fizik na azuzuwan C da D, lissafin da ke tallafa masa kuma yana cikin jerin littattafan CIAM da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka tsara. Tsofaffin tambayoyin bak da amsoshinsu na yawo daga hannu zuwa hannu. A tsallaken iyaka, a Daura da Kazaure da Kano, ɗalibai na haɗuwa da batun a fizik da kuma darasin lissafi mai zurfi na jarabawar WAEC da NECO, don haka mai jin harsunan biyu na iya cin kasuwa biyu. Mai wayar hannu na iya samun darussan Khan Academy da aka fassara zuwa Faransanci, da laccocin jami'ar MIT ta Amurka, duk kyauta. Akwai jami'a a Damagaram, akwai a Maraɗi, ba sai an je Dakar ba.

Abin da bai sauya ba shi ne tsarin hawan. Ba a fahimtar motsi sai an riƙe aljabra da lissafin kusurwa da na sauyi, kuma ba a riƙe su da kallon bidiyo kawai, sai an zauna da alƙalami an warware tambaya bayan tambaya, an kuskure an sake. Abdou Moumouni ya hau matakan ne ɗaya bayan ɗaya, daga Damagaram zuwa Yamai, zuwa Sebikotane, zuwa Dakar, zuwa Paris. Da ya ga abin da yake nema ba ya cikin manhajar da ya gama, ya sake ɗaukar jaka ya tafi inda ake binciken sa. Da ya samu kuma, a Konakiri da Bamako da Yamai ya zaɓi ya juye shi.